Aikin tiyata ga kyanwa ko kare: rabinsa a gida ake yi

Ranar da na mayar da kyanwata a cire mata zaren ɗinki na tarar da wani bawan Allah a ɗakin jira yana ta zazzaga wa likita faɗa, har daga waje ana jiyo muryarsa. Karyarsa aka yi wa aiki kwana huɗu kafin nan, ɗinkin ya buɗe, wurin ya kumbura ya yi jawur yana tsatsar ruwa, shi kuma abin da yake ta nanatawa shi ne an cuce shi, an karɓi kuɗinsa an yi masa aikin banza.

Likitar ta ƙyale shi sai da ya numfasa, sannan ta ce, "Malam, ina robar nan mai kama da mazurari da muka sa mata a wuya?" Ya ce ai tun daren farko ya cire, tausayi ta ba shi, sai karo take da bango ta kasa cin abinci. Ta ce wanka fa? Ya ce sau ɗaya ya yi mata saboda warin magani. Nan jikinsa ya ɗan yi sanyi, amma sai ya faɗi wata magana da har yau tana raina, ya ce, "To likita ai babu wanda ya gaya min dalili, cewa kawai aka yi kar in cire."

Tun daga ranar abin yake cin raina, domin ni dai a ganina su biyun duk suna da laifi kuma karyar ce ta kwashi wahalar. Matsayina a kan wannan magana ba boyayye ba ne. Duk wanda ya ajiye dabba a gidansa, idan lalura ta kai ga tiyata, haƙƙinta ne a kai ta wurin ƙwararren likitan dabbobi a yi mata da maganin sa barci da na kashe zafi, kuma mai ita ya sani tun kafin ya sa hannu a takarda cewa rabin aikin shi zai yi a gida. Shi ma likita haƙƙi ne a kansa ya zauna ya yi bayani da dalili, ba ya miƙo dabba da ledar magani ya ce a dawo bayan mako biyu ba.

"Ai dabba ce"

Wannan ita ce maganar farko da ake jefo maka. Wai mutane ma ba su samu aikin da suke buƙata ba, kai ka ɗauki mage ka kai ta ɗakin tiyata. Na yarda akwai mutanen da ke kwance babu kuɗin aiki, kuma abin yana da ciwo ƙwarai. Amma barin kyanwarka ta mutu da hanji a toshe ba zai sa a yi wa mutum ko ɗaya aiki ba. Kai ka kawo ta gidanka, kai ka saba mata da kwanon abinci har ta daina nema da kanta, to ranar da ta kwanta wa kake so ta kalla?

Sannan mutane da yawa suna ɗauka dabba ba ta jin zafi kamar mu saboda ba ta ihu. Kyanwa musamman gwanar ɓoye ciwo ce, sai dai ka ga ta shige ƙarƙashin gado, ta daina lasar jikinta, ta runtse ido, kunnuwa sun kwanta gefe. Har wani ma'auni masu bincike a jami'ar Montreal ta Kanada suka fitar a 2019 na gane zafin da kyanwa ke ji ta hanyar duba kunnenta da idonta da gashin bakinta da yadda ta riƙe kai, saboda sun san ba za ta faɗa ba. Shirun da take yi shi ke ruɗar mu.

Akwai kuma cututtukan da ba sa jira. Muzuru idan fitsari ya toshe masa za ka ga yana ta zarya wurin ba-haya yana nishi babu abin da ke fita, mutane sai su ce ai cikinsa ne ya ƙulle, alhali mafitsara ce ta cika, ƙoda ta fara tsayawa, cikin kwana biyu zuwa uku yana iya mutuwa. Manyan karnuka masu zurfin ƙirji tumbinsu kan cika da iska ya murɗe, wannan kam awoyi ake lissafawa. Kyanwa ta haɗiye zare ko igiyar wasa, zaren ya maƙale a ƙarƙashin harshe sauran ya bi hanji yana tattare shi yana yanka, kuma don Allah idan ka ga zare na leƙowa ta bayan dabbarka kar ka ja, yanka hanjin za ka ƙara yi. Irin waɗannan ba a cewa bari mu ga gobe.

Tsoron kar ta ƙi farfaɗowa

Wannan tsoron ban raina shi ba don ni ma na ji shi. Da suka karɓi kyanwata suka shige da ita na kasa zama wuri ɗaya har sai da aka kira ni. Kuma gaskiya ne, maganin sa barci yana da haɗari, duk likitan da ya ce maka babu komai ɗari bisa ɗari bai gaya maka gaskiya ba.

Sai dai ya kamata mutum ya san girman haɗarin. Wani babban bincike da aka yi a Birtaniya aka wallafa a 2008, ƙarƙashin jagorancin likita David Brodbelt, ya bi karnuka kusan 98,000 da kyanwoyi kusan 79,000 da zomaye sama da 8,000 da aka sa barci ko aka ba maganin kwantarwa. A cikin karnuka masu lafiyar jiki, kusan 1 cikin 1,850 ne ya mutu sanadin haka, kyanwoyi masu lafiya kuma kusan 1 cikin 900. Amma waɗanda dama ciwo ya ci jikinsu, karnuka da kyanwoyi duka, abin ya tashi zuwa kusan 1 cikin 70. Ka duba tazarar nan da kyau. Mutumin da ya ƙi kai dabbarsa da wuri saboda tsoron allurar barci, ya yi ta jinkiri har ta galabaita, shi da hannunsa ya ɗauke ta daga layin farko ya mayar da ita layi na biyu.

Wani abu kuma da binciken ya nuna wanda ya ba ni mamaki, kusan rabin karnukan da suka mutu da fiye da rabin kyanwoyin, bayan an gama aikin suka mutu, akasari cikin awa uku na farko. Wato lokacin da kai kake ganin ai an gama shi ne lokacin da ya fi buƙatar ido. Shi ya sa ba na jin daɗin masu tsayawa a bakin ƙofa suna matsa wa likita a ba su dabbarsu su tafi suna sauri. Bar ta a wurinsu ta farfaɗo sosai, a ɗumama ta don jiki yana yin sanyi bayan aiki, a ga numfashinta ya daidaita. Kuma ka tambaya kai tsaye, wa zai zauna da ita lokacin da take farfaɗowa?

Idan dabbarka mai gajeren hanci ce, irin su karen buldog ko kyanwar Farisa, ko tsohuwa ce, ko ta yi ƙiba sosai, haɗarinta ya ɗara na sauran, wannan ma magana ce da ya kamata ku yi da likita tun kafin ranar.

Abin da za ka tarar

Yawanci za a ce kar ka ba ta abinci tun daga dare. Mutane suna raina wannan umarnin fiye da kowanne, sai dabba ta yi kukan yunwa da safe a ce ai ɗan kaɗan ne ba zai yi komai ba, kuma a ɓoye wa likita. Dalilin kuwa shi ne dabbar da aka sa barci tana iya yin amai ba ta da ikon haɗiyewa ko tari, abincin ya gangara huhu, daga nan sai ciwon huhu mai tsanani ko shaƙewa. Idan yaro a gida ya ba ta wani abu ko ta sata, faɗa kawai, gara a ɗage aikin zuwa gobe. Awa nawa za ta yi babu ci, da batun ruwa, likitanka ne zai yanke don ƙananan 'ya'ya da masu ciwon suga ba a barin su da yunwa mai tsawo. Zomo kuwa sam ba a hana shi ci, shi ba ya amai, kuma idan hanjinsa ya tsaya wata matsalar ce babba.

Za a auna nauyinta don da nauyi ake lissafa magani, a saurari zuciya, sau da yawa a nemi a yi gwajin jini a ga hanta da ƙoda tunda su ne za su fitar da maganin daga jiki. Za a aske gashin wurin fiye da yadda kake zato, kar ka tsorata, zai fito. A mafi yawan manyan ayyuka ana zura mata bututu a maƙogwaro don numfashi da iskar sa barci, shi ya sa wasu ke ɗan tari kwana ɗaya ko biyu bayan nan.

Takardar da za a ba ka kuma ka karanta ta, ka tambayi abin da ba ka gane ba. Me za a cire? Me zai faru idan an buɗe an tarar da abin ya fi yadda ake zato, za a kira ni ko za a ci gaba? Wa zan kira idan wani abu ya taso da tsakar dare? Likitan da ya ji haushin waɗannan tambayoyin, ni kam ba zan bar masa dabbata ba.

"Kuɗi kawai suke nema"

Ba zan ce babu masu zari a cikinsu ba, kowace sana'a akwai. Amma idan ka ga kuɗin aiki ka tuna abin da ke ciki, maganin barci, ƙarin ruwa, kayan aiki da aka dafa aka kashe ƙwayoyin cuta, zare, mutumin da ke tsaye yana duba numfashi da bugun zuciya yayin da likita ke yanka, maganin zafi na bayan aiki. Wanda ya ce zai zo gida ya yi maka da araha a tsakar gida, tambaye shi wanne daga cikin waɗannan ya cire, domin dole ya cire wani, kuma yawanci maganin zafin da tsaftar ne ke fara tafiya. Na taɓa ganin muzurun da wani wanda ba likita ba ya fiɗiye, an danne shi ido biyu, bayan kwana biyar wurin ya ruɓe yana wari, abin da aka kashe wajen ceto shi ya ninka na aikin gaskiya.

Abin da nake ganin haƙƙinka ne shi ne a ba ka ƙiyasin kuɗi tun farko, a rubuce in zai yiwu, a gaya maka wanne ne dole wanne ne in da hali. Kuma idan ba ka da shi ka faɗa ba kunya, sau da yawa akwai hanya ta biyu da ba ta kai ta farko tsada ba. Misali ƙafar da ta karye ta dagargaje, idan sa ƙarfe ya fi ƙarfinka wani lokaci yanke ƙafar ake yi, kuma kyanwa da kare suna rayuwa lafiya lau da ƙafa uku, mu ne abin ke yi wa nauyi a ido. Haka nan idan aikin babba ne kuma ba na gaggawa ba, jin ta bakin likita na biyu ba cin fuska ba ne.

Batun fiɗiya da cire mahaifa

Nan ne aka fi musu da ni. Wasu na ganin zalunci ne a hana dabba haihuwa. Na fahimci inda suka dosa, amma ina so su duba ɗaya ɓangaren. Kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata huɗu zuwa shida, cikin nata kwana 63 zuwa 65 ne kawai, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. Wa zai riƙe 'ya'yan? Mun san inda mafi yawansu ke ƙarewa, a kwali a bakin hanya.

Ga kuma lafiyar uwar kanta. Karyar da ba a cire wa mahaifa ba tana iya kamuwa da ciwon da mahaifa ke cika da mugunya, yawanci makonni kaɗan bayan ta gama lokacin neman namiji, sai ka ga tana shan ruwa da yawa, ta yi laushi, ta ƙi abinci, wani lokaci ruwa mai wari na fita wani lokaci kuma babu abin da ke fita wanda shi ya fi haɗari. Wani bincike a Suwidin ya gano kusan karya 1 cikin 4 da ba a yi wa aikin ba tana samun wannan ciwo kafin ta kai shekara 10. Maganinsa dai shi ne aikin nan da aka guje wa tun farko, sai dai yanzu a kan dabbar da ta galabaita. Cire mahaifa da wuri kuma yana rage haɗarin fitowar ƙari a nono sosai, kuma a kyanwa mafi yawan irin wannan ƙarin mugun daji ne.

Ban ce babu abin lura ba. Dabbar da aka fiɗiye tana saurin ƙiba idan ba a rage mata abinci ba, kuma a manyan karnuka likitoci da dama suna ba da shawarar a jira ƙashi ya gama girma kafin a yi, saboda gaɓoɓi. Magana ce ta lokaci, ku zauna da likita ku tsayar.

Inda ni ma nake tare da masu cewa zalunci ne shi ne aikin ado. Yanke wa kare kunne don ya yi kama da mai faɗa, ko cire wa kyanwa farata don kar ta yagi kujera. Mutane suna ɗauka cire farce kamar yankan farce ne, alhali gaɓar ƙarshe ta kowane yatsa ake guntulewa da ƙashinta. Ƙasashen Turai da yawa sun haramta shi, jihar New York ta Amurka ma ta haramta a 2019. Wuƙa ba ta da hurumi a jikin dabba mai lafiya don kawai kujerarka.

Kwana goma zuwa sha huɗun da ke wuyanka

Nan ne wancan bawan Allah ya faɗi, kuma nan ne mafi yawanmu muke faɗuwa, ba don mugunta ba sai don tausayin da ba a yi masa bayani ba.

Robar nan mai kama da mazurari da ake sa wa a wuya, na sani ganin dabba a cikinta babu daɗi. Kyanwata kwana biyu tana tafiya da baya tana ƙoƙarin fizge kanta. Amma harshen kyanwa kamar zarto yake, kare kuma da haƙori yake cire zare, minti biyar da ka juya baya sun isa a warware abin da likita ya yi awa guda yana ɗinkawa, kuma idan aikin ciki ne ba fata kaɗai ke iya buɗewa ba. Maganar da ake yi cewa yawun kare magani ne, bakinsa cike yake da ƙwayoyin cuta. Idan ta kasa cin abinci da robar, ɗaga mata kwanon ko ka canza mai faɗi marar zurfi, ko ka cire lokacin ci kana zaune a gabanta ka mayar da zarar ta gama. Da dare kam kar ka kuskura, lokacin ne suka fi yi. Akwai kuma 'yar rigar da ake sa musu ta rufe ɗinkin idan robar ta gagara, tambayi likita.

Babu wanka har sai an cire zare. Babu tsalle, babu guje-guje, babu hawa bene in zai yiwu, kare a fita da shi da igiya ya yi ba-haya a dawo. Matsalar ita ce kwana uku bayan aiki za ka ga ta warware tana son wasa sai ka ce ai ta warke, alhali naman ciki bai haɗe ba tukuna.

Sai magani, kuma wannan ina roƙon kowa ya riƙe shi. Kar ka ba dabba maganin zafin mutane. Farasitamol guba ne ga kyanwa, hantarta ba ta da abin da ke narkar da shi yadda tamu ke yi, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta, za ka ga dasashinta ya koma ruwan ƙasa, fuska ta kumbura, numfashi ya yi wuya. Ibufurofen kuma yana huda tumbin kare da kyanwa ya lalata ƙoda. Abin da likita ya bayar shi za ka ba ta, a kan lokaci, har ya ƙare, ko da ka ga kamar ta warke. Kar kuma ka shafa wa ɗinkin komai da ba a ce ka shafa ba.

Kullum safe da yamma ka duba wurin. Ɗan ja da ɗan kumburi a kwanakin farko ba abin tsoro ba ne. Amma idan jini na ɗiga bai tsaya ba, ko ruwa mai wari, ko ɗinkin ya buɗe, ko dasashinta ya yi fari fat, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ta kasa fitsari, kira likita a lokacin ba sai gari ya waye ba. Daren farko tana iya ƙin abinci ko ta ci kaɗan, wannan ba komai, amma kyanwar da ta wuce kwana ɗaya zuwa biyu ba ta ci ba a sanar da likita, don yunwa mai tsawo tana taɓa hantar kyanwa, musamman mai ƙiba.

Duk wannan da na lissafa bai fi bayanin minti goma ba, kuma shi ne abin da nake ƙorafi a kan wasu likitocin. Mutum ya zo ɗaukar dabbarsa hankalinsa a tashe, rabin abin da aka faɗa masa ba zai riƙe ba, me zai hana a rubuta masa a takarda, a ce kar ka cire robar nan domin kaza zai faru? Wanda aka gaya wa dalili ya fi wanda aka ba umarni riƙewa.

Ita dai waccan karyar sai da aka sake sa ta barci a ranar, aka yanke naman da ya lalace aka sake ɗinki, wato haɗarin maganin barci sau biyu cikin mako guda da ƙarin mako biyu a cikin robar da aka tausaya mata a kai. Ina nan zaune har mai ita ya fito daga ofishin likitar, wannan karon da takarda a hannunsa an rubuta masa komai, yana tsaye a bakin ƙofa yana tambayarta ko zai iya sassauta igiyar robar kaɗan, ita kuma tana nuna masa da yatsu biyu iya sararin da zai bari tsakaninta da wuya.